Tsatsa ba ta san dala ta tashi ba

Jama'a, a Najeriyar yau motar da ke hannunka ita ce motarka. Maganar "baɗi zan canja" ta zama tatsuniya ga mafi yawanmu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, sannan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Motar Beljiyam kuwa da dala ake sayo ta, da dala ake ɗoro ta a jirgi, kuɗin kwastam ma da farashin dala ake lissafa shi. Shi ya sa ma'aikacin da a da yake iya haɗa adashe da ɗan bashi ya fito da Corolla ko Golf, yanzu sai dai ya wuce ta gaban 'yan dila ya yi musu sallama.

To idan haka ne, tambayar da ta rage ita ce yaya za ka yi wannan da ke hannunka ta kai ka shekara goma nan gaba. Duk mun iya maganar inji. Mun san juyen mai, mun san fulogi, mun san giya. Amma inji idan ya buga ana sayo wani a Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗora. Jikin mota idan ya ruɓe, ina za ka sayo shi? Abin da ke ruɓar da shi kuwa ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya kunna wuta a dashbod. Tsatsa ce.

Mu 'yan Arewa muna da wani sakaci a kan wannan, don muna ganin ai ciwon mutanen Legas da Fatakwal ne, masu iskar teku. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, bushewar ƙasarmu rahama ce ga ƙarfe. Sai dai abu biyu muke mantawa.

Na farko, yawancin motocinmu ba a nan aka haife su ba. Da yawa sun yi shekara goma ko fiye a Kanada ko jihohin arewacin Amurka irin su Michigan, Ohio da New York, inda ake watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Wannan ruwan gishirin yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shige lunguna, ya zauna. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda ƙarar da aka shigar kan tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia. Irin waɗannan motocin na ƙasashen gishiri su ne ke sauka a Kwatano da Apapa, a wanke su, a goge su, su iso mana suna walƙiya. Kyan ɗan maciji.

Na biyu, daminarmu ta yanzu ba ta wasa. Kwatoci sun toshe da leda, ruwan awa biyu sai ka ga titi ya koma kogi, kowa yana kutsawa da mota yana addu'a. Ku tuna Maiduguri, 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Bayan rayuka da gidajen da aka rasa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, motoci nawa ne suka kwana cikin ruwa? Waɗannan motocin ba ɓacewa suka yi ba. An busar da su, wasu masu su na hawa, wasu sun shiga kasuwa. Laka kuma tana nan kwance a cikin ƙofofinsu da ƙarƙashin kafet.

Ita tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri ba ya cikin ukun, aikinsa kawai ya sa abin ya yi sauri. Muguntarta ita ce ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka tana kumbura, ta ɗaga fenti, ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa. Ba kamar alminiyam ba, wanda dattin da ke fitowa a samansa ke zame masa garkuwa. Fenti shi ne katangar da ke tsakanin ƙarfe da ruwa, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan tsakuwar da tirela ta harbo maka a hanyar Zariya, ƙarcen da mai Keke Napep ya yi maka a go-sulo ya ɗaga hannu ya ce "yi haƙuri Alhaji", nan take farawa.

Don Allah ranar Asabar ɗin nan ka ɗauki tocila ka duba motarka. Ka leƙa bakin madigad ta ciki, inda laka ke taruwa. Ka duba gindin ƙofofi, akwai 'yan ramuka a ƙasansu da aka yi don ruwa ya fita, ka ga ko sun toshe. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na mai zaman banza ka taɓa ƙasan, in ka ji danshi akwai magana, wataƙila robar gilashi ce ke yoyo ko bututun ruwan esi ya toshe. Ka fitar da safaya taya ka ga ko ruwa ya kwanta a ramin. Ka duba mazaunin batir, don ruwan batir yana cin ƙarfe da gaggawa. Ka bi gefen gilashin gaba da na baya.

Abin da za ka gani kala uku ne. Akwai ta sama, ɗan ja-ja a inda fenti ya ƙwarzane, ƙarfen yana nan da ƙarfinsa. Akwai wadda ta fara ɓawo, fenti ya yi ƙuraje, in ka kankare sai ka ga ƙarfen ya yi tsaga-tsaga da 'yan ramuka. Sai ta uku, wadda in ka danna sukundireba sai ta faɗa ciki. Ta farko da ta biyu aikin gida ne. Ta uku aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe, babu wata dabara.

Ni dai a gindin ƙofar baya ta tsohuwar motata na fara, wuri bai fi tafin hannu ba, kuma Asabar da Lahadi suka ishe ni. Kayan da na saya duk ana samun su wajen masu sayar da fentin mota: samfefa mai lamba 80, 180, 320 da 600, buroshin waya, tina, tef ɗin takarda, maganin kashe tsatsa, firaima, fenti da kiliya na gwangwanin feshi. Gaba ɗaya bai kai kuɗin cika tanki ba.

Da farko ka wanke wurin da sabulu ka bari ya bushe ƙarau. Ka rufe kewayen da tsohuwar jarida da tef, ka bar fili kamar faɗin yatsu uku bayan inda tsatsar ta tsaya, saboda abin da ke ƙarƙashin fenti kullum ya fi abin da ido ke gani. Ka kankare ɓawon da buroshin waya, ka bi da samfefa 80 har sai ƙarfe ya fito fari yana sheƙi. A nan ne ake cin jarrabawar ko a faɗi. Ɗigon ja ɗaya ka bari, ka shuka iri ne. Daga nan ka koma 180 ka lallashe bakin tsohon fentin, yadda in ka shafa da yatsa ido a rufe ba za ka ji tudu ba.

'Yan ramukan da samfefa ba ta kai ba, su ne aikin maganin kashe tsatsa. Yawancinsu sinadarin fosforik ko tanik ne a ciki, yana haɗuwa da tsatsar ya mai da ita wani baƙin abu mai tauri da ba ya ci gaba da yaɗuwa. Shi ya sa in ka shafa za ka ga wurin ya yi baƙi, kada ka tsorata, aiki yake yi. Ka karanta jikin robar ka ba shi lokacin da aka rubuta. Amma a lura, ba a shafa shi a kan ɓawo mai kauri a ce an gama, saman kawai zai taɓa. Masu cewa a yi da ruwan khal ko lemun tsami, e, yana cire tsatsa a jikin noti da ƙananan ƙarafa in an jiƙa su kwana guda. A jikin mota kuwa, in ba ka ɗauraye ka busar nan take ba, kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito.

Ka goge da tina a tsumma mai tsabta, kuma daga nan kada ka ƙara taɓa wurin da hannu, maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Idan wurin ya loɓa kana buƙatar fila, ka sa kaɗan-kaɗan, siriri. Maganin daskarar da ita ɗan ƙanƙani ake sawa, kamar kashi 2 cikin 100, kuma a zafin garin nan mintuna kaɗan ne ta sandare, don haka kada ka kwaɓa da yawa. Fila aikinta daidaita fuska, ba toshe rami ba. Tana shan ruwa, in bayanta a buɗe yake za ta jiƙe ta ci gaba da ciyar da tsatsar.

Firaima kuma a ranar za ka fesa, kada ka bar farin ƙarfe ya kwana tsirara, raɓa kaɗai ta isa. Ka girgiza gwangwanin sosai, ka riƙe shi kamar taƙi guda daga jikin motar, wajen santimita 20 zuwa 25, ka yi shafe biyu ko uku marasa kauri, kana ba da kamar minti 10 zuwa 15 a tsakani. Mai gaggawar da ya fesa da kauri sau ɗaya, hawaye zai gani suna gangarowa. In ta bushe ka bi da samfefa 600 a hankali, sannan fenti, sannan kiliya, duk a haka. Launin motarka yana da lamba, galibi tana jikin 'yar takardar da ke maƙale a ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Ka ɗauki hotonta ka kai wa mai haɗa fenti, kada ka tsaya kana ce masa "ruwan toka ce mai ɗan haske".

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ba a tsakiyar damina ba, danshi zai shiga ƙarƙashin fentin. Ba kuma ranar da hazo ya sauko ba, sai aikin ya fito kamar an barbaɗa masa gari. Ƙarshen damina kafin hunturu ya kankama ya fi, da hantsi, a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada ka fesa a kan ƙarfen da rana ta gasa.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Ka sa tabarau da safar hannu da takunkumi na gaske. Ka yi a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, nesa da janareta, murhu da mai shan taba, don tina fetur ce a wajen kama wuta. Ka kori yara, su da son kallo. Fentin nan mai haɗi biyu da ƙwararru ke fesawa da kwamfireso yana da sinadarin da ke lalata huhu, ka bar musu abinsu. In ƙarfe ya yanke ka, ka wanke ka je a duba maganar allurar tetanus.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya da kyau. Idan tsatsar tana jikin shasi, ko inda shokozoba ke zama, ko ƙasan mota inda kujera da bel suke ɗaure, ko bututun birki da na mai, wannan ya wuce kwalliya. Rai ne. Waɗannan wuraren su ne ke riƙe mota in an yi karo. Bututun birkin da tsatsa ta cinye ba ya sallama, ranar da ka taka da ƙarfi ranar zai fashe, da iyalinka a baya. Na taɓa tsayawa ana buɗe gefen motar wani maƙwabcina da ya saya hannu, wallahi abin da aka ciro daga cikin ramin kwali ne da ragar sauro ta waya, an lafta fila a kai an fesa fenti. Wanda ya yi aikin ya san abin da ya yi, wanda ya sayar ma ya sani.

Ba ina zagin masu fanel-bita ba ne. Akwai masu amana a cikinsu da hannunsu ya fi na inji, kuma sau da yawa mu ne ke matsa musu, "Malam kawai rufe min, sayarwa zan yi." To wa za ka sayar wa? Ɗan uwanka ne, wanda ya tara kuɗin shekara uku. Addini ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki, kuma mota ba ta fita daga wannan hukuncin ba. In za ka sayar ka faɗa, a rage abin da za a rage, kuɗinka ya yi albarka.

Mai saye kuma ya je da mayen ƙarfe, ya naɗe shi a ƙyalle ya bi gefen motar da shi. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, akwai fila mai kauri, sai dai ka sani bamba roba ce, wasu bonet ɗin kuma alminiyam ne. Ka sa a ɗora motar a rami ka shiga da tocila. In ka ga an fesa sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka tambayi dalili. Dila mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sauran kuwa ɗabi'a ce. Duk ranar da ka ratsa ruwa ko taɓo, ka ce wa yaron wankin mota ya sa tiyo ƙarƙashi da cikin madigad, ba saman da mutane ke gani kawai ba. A daina jiƙa kafet ana mayarwa da danshi. A rage wanke fenti da garin sabulun wanki, yana cinye man da ke kare shi. Baƙin mai da wasu ke fesawa a ƙarƙashi yana ɗan korar ruwa, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana gurɓata ƙasa, gara man kariya da aka yi don wannan aikin. Ƙarce kuwa, ko da ɗigon fenti ne a tsinken ashana, ka rufe shi a makon da ya faru.

Farashin dala ba ya hannunmu, na fetur ma haka. Amma ramin da ke gindin ƙofar motarka yana hannunka, kuma yau samfefa ce maganinsa, baɗi sai walda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masu sana'ar nan da ke cikin abokaina, ku ƙara mana abin da kuka sani a ƙasa, mu amfana. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu.