Flores, Garin Tsakiyar Tafki

Ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar duniya, ku nemi inda Amurka ta Arewa ta sirance kamar wuyan gora kafin ta sadu da ta Kudu. A nan, maƙwabtan Meziko, za ku ga wata ƙasa ana ce da ita Gwatamala. A arewacinta akwai wani lardi na kurmi, sunansa Peten, a tsakiyarsa kuwa akwai tafkin Peten Itza, tsawonsa kamar mil 20, faɗinsa kamar mil 3, zurfinsa a wani wuri ya haura ƙafa 500. Can wajen kudu maso yammacin tafkin akwai wani ɗan tsibiri, irin wanda mutanen Yawuri ke kira gungu, a kansa kuwa an kafa gari. Wannan gari shi ne Flores, labarinsa muke so mu ba ku, gama Allah ya nufe mu da kwana 4 a cikinsa.

Kada ku zaci wani babban birni ne. In mutum ya bi bakin ruwa da ƙafa, ba gaggawa, kafin rabin sa'a ya kewaye garin ya komo inda ya tashi. A da sai da kwalekwale ake shiga, amma yanzu an cike ruwa an yi hanya wadda ta haɗa shi da garin Santa Elena da ke kan tudu, inda kasuwa take da filin jirgin sama. Gidajen manne suke da juna, wannan shuɗi, wancan rawaya, na gaba kore, rufinsu galibi jan kwano. Titunan an shimfiɗe su da duwatsu, lungunan kuwa ƙanana, wanda ka bi gangare duk sai ya kai ka ruwa. Tafkin nan ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, saboda haka in shekarun ruwa suka jeru sai ya cika ya hau gari. Mun tarar ya shanye wani sashe na titin bakin gaɓa, ga sandunan fitilu tsaye cikin ruwa, 'yan kifaye na kai da kawowa inda da motoci ke bi.

Yawancin baƙi abin da suke yi ke nan: su zaga, su ɗauki hoto, su yi iyo, su zauna bakin ruwa su kalli faɗuwar rana, gari ya waye su wuce. Ba mu ga laifinsu ba, don faɗuwar rana a nan abin kallo ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a Flores wanda bai ji ba, ko ya gani fenti kaɗai ya gani.

Tsibirin tudu ne, titi ko wanne ka bi sama zai kai ka dandalin gari, inda akwai farar majami'a mai ƙubba 2, da inuwar itatuwa, da filin da yara ke wasan ƙwallo. To, a nan ya kamata baƙo ya tsaya, gama ƙarƙashin ƙafarsa akwai wani gari. Sunansa Nohpeten, watau Babban Tsibiri, hedkwatar mutanen Itza, wani reshe na al'ummar Maya. Sarkinsu Kanek ake ce da shi, kowane ya hau sunan ke nan. Turawan Sifaniya sun ce ɗakunan bauta 21 suka ƙirga a ɗan wurin nan. Yau ko ɗaya ba ya tsaye, gari ya hau kansu.

Baturen da ya fara isowa nan shi ne Kortes, wanda ya ci birnin Meziko a 1521. A 1525, watau shekara 26 bayan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya ratso kurmin nan da rundunarsa zai tafi Honduras. Kanek ya karɓe shi da mutunci. Da zai wuce, sai ya bar wa sarkin amanar wani baƙin doki da tsinke ya soke a ƙafa, ya ce zai aiko a karɓa. Bai aiko ba. Ku tuna fa, duk faɗin Amurka a zamanin nan ba doki sai wanda Turawa suka kawo, mutanen Itza ba su taɓa ganin irinsa ba. Marubutan Sifaniya sun ce sai suka ɗauke shi kamar babban baƙo marar lafiya, suka riƙa kai masa naman tsuntsaye da furanni, har yunwa ta kashe shi. Kai, da akwai yaron barga ɗaya daga Katsina a tsibirin nan, da damin harawa da ɗan kanwa sun warware zancen! Da dokin ya mutu, in ji su, sai aka yi siffarsa aka ajiye a ɗakin bauta, aka sa masa suna Tzimin Chak. Tzimin wata dabbar dajinsu ce mai ɗan guntun hanci irin na giwa, ita ce mafi kama da doki cikin abin da suka sani. Chak kuwa shi ne wanda suke bauta wa don ruwa da aradu, domin wai sun zaci ƙarar bindiga daga dawaki take fitowa.

Shekara 93 bayan haka, a 1618, waɗansu limaman Kirista 2, Fuensalida da Orbita, suka zo daga Merida ta ƙasar Yukatan. Aka zaga da su gari kamar yadda ake yi wa baƙi. Da Orbita ya ga siffar dokin nan, zuciya ta ɗebe shi, ya ɗauki dutse ya farfasa ta a gaban masu masaukinsa. Da ƙyar suka fita da rai. Mu dai a namu gani, ko da gaskiya ke hannun mutum, baƙo ba ya fasa tukunyar mai gida sa'an nan ya ce a zauna a saurari wa'azinsa. Wani limami, Avendanyo, ya fi shi dabara. Ya zo a 1696, ya iya harshensu, ya kuma san lissafin shekarunsu da suke yankawa kashi-kashi, kowane kashi kusan shekara 20. Da wannan lissafi nasu ya yi musu hujja, ya ce lokacin sauyi ya yi. Kanek ya karkata, amma waɗansu hakimansa suka ƙi, tilas limamin ya gudu cikin daji.

Abin da baki ya kasa, igwa ta yi. Mai mulkin Yukatan, Martin de Ursuwa, ya sa aka sare hanya cikin kurmi har bakin tafkin, aka sassaƙa jirgin ruwa babba a gaɓa, aka ɗora masa igwa. Ran 13 ga Maris, 1697, ya shiga da sojoji 108. Mutanen Itza suka tare shi da kwalekwale da kibau, amma ina kibiya ina harsashi? A wuni ɗaya aka ci garin. Jama'a suka faɗa ruwa don su tsira, da yawa suka nutse, Turawa kuwa suka ƙarasa wunin suna fasa gumaka. Wannan ita ce sarautar Maya ta ƙarshe da ta faɗi, shekara 172 bayan zuwan Kortes, shekara 107 kafin jihadin Shehu Usmanu. Ɗan tsibirin da kuke iya kewayewa tsakanin azahar da la'asar sau da yawa, shi ne ya daɗe haka. Ruwa da kurmi su ne ganuwarsa.

Ga abin da ya tsaya mana a rai muna zaune a dandalin nan. Duk labarin da muka ba ku, na doki da na yaƙi, daga alƙalamin waɗanda suka ci nasara ya fito. Mutanen Itza kuwa ba jahilai ba ne. Avendanyo da kansa ya ce suna da littattafai na ɓawon itace, da rubutunsu na kansu. Amma littattafan Maya na da guda 4 kaɗai suka rage a duniya, kuma ba labarin 1697 cikinsu. Saboda haka in kun ji an ce mutanen da suka san tafiyar taurari sun ba doki nama, ku yi dariya, don labarin yana da ban dariya, amma ku tuna wanda ya ba da shi yana da amfanin a ɗauke su wawaye. Ko sunan garin ma ba nasu ba ne. Flores a harshen Sifaniya furanni ke nan, amma ba don furanni aka raɗa masa ba, sunan wani mataimakin shugaban Gwatamala ne, Sirilo Flores, aka sa masa a 1831. Ku da kakanninku ke da rai, kuna kuma da alƙalami, me kuka rubuta daga bakinsu?

To, mu sauko bakin ruwa. Da 'yan kuɗi kaɗan kwalekwale mai inji zai haye da kai ƙauyen San Migel cikin 'yan mintoci. A gaɓar can an kafa wata sabuwar siffar doki don tunawa da na Kortes, masu jirgi kuwa suna da tatsuniya, wai akwai dokin dutse kwance a ƙarƙashin tafkin tun ranar da kwalekwalen da ya ɗauko shi ya kife. Daga ƙauyen sai ka hau tudu cikin itatuwa har wata hasumiyar katako mai sunan Kanek. Daga samanta ka ga Flores duka, kamar jar ƙwarya da aka kifa bisa ruwa. Tuddan da ka ratso kuwa ba na Allah da Annabi ba ne, tsofaffin gine-gine ne ƙasa ta rufe. Wanda ke son iyo ya yi inda 'yan gari ke yi, domin akwai kada a tafkin.

Da yamma mata kan jera tebura a bakin ruwa suna sayar da abinci. Tuwon ƙasar shi ne wata irin gurasa ta masara, sirara, ana gasa ta a kasko ba mai, a ci da baƙin wake. Akwai kuma farin kifin tafkin, mai daɗi ƙwarai. Mu muna ce mata masara don ta wajen Masar muka san ta, amma asalinta wannan yanki ne na duniya, a nan aka fara noma ta. Arzikin garin a farkon ƙarni na 20 kuwa wani ƙaro ne da ake tsagar itacen kurmi a tara, a kai Amurka a yi cingam da shi, har aka ƙago na roba kasuwarsa ta faɗi.

Wanda ya zo Flores bai je Tikal ba, ya bar baya da ƙura. Tafiyar kamar mil 40 ce a mota, ana tashi tun da asuba. Tsohon birnin Maya ne da mutanensa suka watse kusan shekara ta 900, kurmi ya haɗiye shi, har a 1848 hakimin Peten, Modesto Mendes, da Ambrosiyo Tut suka je suka duba suka ba da rahoto. Dogayen gine-ginensa na dutse sun ɗara itatuwa, mafi tsawo ya haura ƙafa 200, birai kuwa na ruri a sama kamar zakuna. A bakin hanyar shiga muka ga wani ƙaton itace, muka ce ashe ɗan'uwa ne: rimi ne, irin na Zariya sak. Maya sun ɗauke shi itacen da ya haɗa sama da ƙasa, shi ne kuma itacen da Gwatamala ta zaɓa alamar ƙasa.

Ranarmu ta ƙarshe muka haye arewacin tafkin, zuwa wani ƙauye ana ce da shi San Hose. Baƙi ba su cika zuwa ba, don ba wani gini na mamaki. Amma a nan jikokin mutanen Nohpeten suke. Harshen Sifaniya suke yi a gida da kasuwa, masu jin harshen Itza sosai ba su fi 'yan tsofaffi kaɗan ba. Waɗansu 'yan ƙauyen sun tashi suna rubuta kalmomin daga bakin tsofaffin nan, suna koya wa yara. Muka roƙi wani yaro ya ƙirga mana da harshen kakanninsa. Ya fara, ya kai 3, ya tsaya yana tunani, sa'an nan ya ce mu jira, ya ruga gida ya tambayo kakarsa.