Gujiyar da muke zubarwa yanzu a gidanmu

Shekara 41 gare shi lokacin da cikinsa ya fara kumbura. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Dakoro aka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce ta daɗe. Mun sha yawon neman saiwoyi kafin mu kai shi Maraɗi, inda likita ya ce sankarar hanta ce, kuma ta riga ta bazu. Bai kai girbi ba. Allah ya jiƙansa.

Ni malamin makaranta ne, ban iya barin tambaya ba. Likitan ya zaunar da ni ya ce: "Mushe, a cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani furotin mai suna p53. Aikinsa gadi. In ƙwaya ta lalace, shi ke hana ta hayayyafa, ko ya sa ta mutu. In mai gadin ya nakasa, lalatacciyar ƙwaya sai ta yi ta ninkuwa har ta zama ƙari, daga nan ta bi jini."

Abu biyu ke raunana shi a ƙasarmu. Na farko aflatoksin, gubar hunhunar da ke kama gujiya da masara in an adana su da laima. A 1991 masana suka gano, a Cana da kudancin Afirka, cewa wuri guda take ɓatawa a ƙwayar halittar p53. Dahuwa ba ta kawar da ita. Na biyu ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda yaro kan ɗauka tun yana ƙarami, ta zauna shiru shekaru. In suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin ya ninka.

Sai na tuna ƙuruciyarmu. Gujiya mai kyau kasuwa ake kai ta, mai ɗaci da ta yamutse mu yara ake bar wa, ko a yi ƙuli-ƙuli da ita. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne da talauci.

Yanzu a gidanmu duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ɗaci zubarwa muke, kuma sai amfani ya bushe sarai yake shiga rumbu. Na je an gwada jinina. 'Ya'yan marigayi ma an gwada su.

Iyaye, ku duba katin rigakafin yaranku: allurar Penta, sau uku, tana ɗauke da kariyar ciwon hanta B. Malamai 'yan'uwana, mu leƙa farantin masu talla a bakin lakwal.