Buta, Cokali da Maɓallin Riga: Makonni 12 a Dubai

Tun da na fara karatu a Irbid ta ƙasar Jodan, babu tambayar da ke ba ni wahalar amsawa kamar a ce mini, "Me kike karantawa?" In na ce fannin lafiya, sai a ce likita ko nas. In na ce ba su ba ne, sai a ce to gashin ƙashi ke nan. Larabawa na kiran fannin namu al'ilajul wazifi, wato warkarwa ta hanyar aiki, mu kuma a makaranta muna taƙaita sunansa na Turanci da O.T. Bayanin da na fi yi shi ne: likita ya ceci rai, mai gashin ƙashi ya dawo wa gaɓa da ƙarfinta, mu kuma mu mayar da mutum ga abin da ya saba yi da gaɓar, kamar cin abinci, wanka, sa riga, rubutu da sana'a. Fannin ya samu ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ya kuma bunƙasa wajen jinyar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta shar'anta cewa sai ɗalibi ya yi aƙalla sa'o'i 1,000 yana koyon aiki tare da marasa lafiya kafin ya kammala. Neman cika waɗannan sa'o'i ne ya kai ni Dubai, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumban 2025.

Wanda ya san Dubai a hoto, ko ya tsaya sayayya a Deira, ba zai gane unguwar da aka tura ni ba. Dubai Investments Park, wadda kowa ke kira DIP, tana can kudu, kusa da Jabal Ali da filin da aka yi baje kolin Expo 2020. An kafa ta a 1997, kuma a wuri ɗaya ta haɗa masana'antu, ɗakunan ajiyar kaya, gidajen kwanan leburori, da unguwar masu hali mai suna Green Community, inda za ka ga ciyawa shar da tafkuna a tsakiyar hamada. Jirgin ƙasan cikin gari ya iso wurin a 2021, shi nake hawa kullum a taragon mata. Tafiyar minti goma daga tasha zuwa asibiti kan ishe ni jiƙewa da gumi, domin zafi kan haura digiri 40. Saboda wannan zafi ne hukuma ke hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba na kowace shekara.

Marasa lafiyarmu hoton unguwar ne. Da safe iyaye kan kawo yara masu jinkirin girma ko masu larurar galahanga, da rana a kawo dattawan da suka samu shanyewar ɓarin jiki, da yamma kuma ma'aikatan kamfanoni su zo da raunukan hannu. A yini ɗaya sai ka ji Larabci, Urdu, Malayalam, Tagalog da Turanci. Shugabata wata 'yar jihar Kerala ce ta Indiya, mace mai ƙarancin magana. Dokarta ɗaya ce: kada ki taɓa hannun mutum sai kin tambaye shi abin da yake so ya koma yi da hannun.

A cikin ma'aikatan akwai wani Bafatane daga Peshawar, ma'aikacin ɗakin ajiyar kaya, wanda ƙarfe ya yanke masa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu biyu na hannun dama. Bayan likita ya ɗinke jijiyoyin, aikinmu ne mu yi masa karan ɗori na wata roba da ake tausasawa a ruwan zafi, a lanƙwasa ta daidai da hannun mutum, ta sandare in ta huce. Jijiyar da aka ɗinke na bukatar kimanin makonni 6 cikin karan ɗori, da kusan makonni 12 kafin ta ɗauki nauyi. In an bar yatsun ba motsi sam, jijiyar ta manne da naman da ke kewaye da ita, in kuma aka yi gaggawa, ɗinkin ya tsinke. A mako na uku sai bawan Allahn nan ya zo da robar a aljihu, wai shi ya warke, zai koma aiki. Ta bakin tafinta muka gano damuwarsa: zamansa a ƙasar na rataye da aikinsa, gida kuma akwai mata da 'ya'ya da mahaifiya da ke jiran saƙon ƙarshen wata. Shugabata ta zaunar da shi ta karanta masa dokar ƙwadago da ta fara aiki a Fabrairun 2022, wadda ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da cikakken albashi har tsawon wata 6 yana jinya. Daga nan ta rubuta wa kamfaninsa takarda a ba shi aikin ƙidayar kaya na wucin gadi. Ya mayar da robar. Ranar da na bar asibitin yana iya damƙe hannunsa har yatsun su taɓa tafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa namu ne. Wani dattijo ne ɗan kasuwa daga Kano, wanda 'ya'yansa suka kawo jinya wata 2 bayan ya samu shanyewar ɓarin dama. Da ya ji na gaishe shi da Hausa, sai ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah! 'Yata, daga ina?" Tun daga ranar aka bar mini shi a ƙarƙashin kulawar shugabata.

Akwai wani ma'auni da muke amfani da shi mai suna Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965. Abubuwa 10 yake dubawa, irin su ci, wanka, sa tufafi, shiga banɗaki da hawa bene. Yana da amfani ƙwarai, sai dai babu alwala a cikinsa, babu zama a tabarma, babu tsuguno, babu sujada. Da na tambayi Baba abin da ya fi so ya koma yi, bai ambaci tafiya ba, bai ambaci kasuwa ba. Cewa ya yi, "'Yata, buta nake so in ɗaga da kaina. Shekara 60 ina alwala ba wanda ya zuba mini ruwa, yanzu ɗan cikina ne ke kai ni bayan gida." Na biyu shi ne abinci. Hannun hagunsa lafiya lau yake, amma ya ƙi ci da shi a gaban mutane, don haka babban ɗansa ke ba shi a baki kamar jariri.

'Ya'yan nan sun yi iyakar ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Ba sa barin ya miƙa hannu ga komai. Kafin ya motsa an ɗauko, kafin ya yi magana an sa masa hula. To a nan gizo ke saƙa. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana sake koyon aiki ne ta hanyar maimaitawa, kuma mafi yawan farfaɗowar na faruwa a watanni 3 zuwa 6 na farko. Hannun da aka hutar da shi a wannan lokaci, ƙwaƙwalwa kan koyi yin watsi da shi, ko da akwai sauran motsi a cikinsa. Masanin nan Edward Taub na Amurka ya daɗe da nuna haka a bincikensa. Faɗa wa ɗan Bahaushe ya tsaya yana kallon mahaifinsa na fama da maɓallin riga ba ƙaramin abu ba ne. Da na yi wa babban ɗan bayani, sai ya ce, "Malama, ai sai a ce mun gaji da shi." Na ce masa, "Yaya, ba cewa na yi ku bar shi ba. Ku zauna kusa da shi, ku ƙidaya ashirin a zuci kafin ku taimaka."

Mun fara da abin da ya zaɓa. Muka samo ƙaramar buta, muka zuba ruwa rubu'i, yana zaune a kujera mai hannu, hagu na tallafa wa dama. Kowane mako a ƙara ruwan kaɗan. Muka naɗe mariƙin cokali da soso ya yi kauri yadda yatsu masu rauni za su iya kamawa. Akwai wani ƙulli mai danƙo da muke motsa yatsu da shi, sai na ce ya riƙa gutsura yana mulmulawa kamar lomar tuwo, ya yi ta dariya yana cewa saura miya. A mako na biyar ya yi alwala shi kaɗai, in ban da wanke ƙafa. Ya ɗauki kusan minti 15, rigarsa ta jiƙe, ɗansa kuma na tsaye a bakin ƙofa hannuwansa a baya. Hannun bai dawo kamar da ba, ban kuma yi masa alkawarin zai dawo ba. Amma ya koma Kano yana ci da damansa.

Tun 2017 gwamnatin wannan ƙasa ta daina kiran naƙasassu da sunan naƙasa a hukumance, tana ce musu as'habul himam, wato ma'abota himma. Za ka ga sunan a wurin ajiye mota da cikin jirgin ƙasa. Mu ma a Nijeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, akwai kuma hukumar da ke yi wa masu aikinmu rajista tun 1988. Sai dai masu wannan sana'a ƙalilan ne a ƙasar, kuma tsofaffin wuraren koyonta, Ile-Ife da Oshodi ta Legas, duk a kudu suke. Baba yana da halin zuwa Dubai. Dattijuwar da ke kwance a ɗakin baya a Fagge ko Maraɗi, wadda hawan jini ya kayar, ba ta da wannan hali, kuma kusan kowannenmu ya san irinta a danginsa.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne, yawancin kayan da suka yi wa Baba amfani ba su fi ƙarfin mai walda, kafinta da baduku ba. Kujerar bayan gida, ƙarfen dafawa a bango, cokali mai kaurin mariƙi, takalmi mai manne maimakon igiya, duk za a iya yin su a gida. Garin da guragu ke ƙera kekunansu da kansu ba zai gaza yin waɗannan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya san wane kaya ya dace da wane rauni, da kuma lokacin da ya kamata a janye hannu. An yi mini maganar dawowa Dubai aiki bayan na kammala, albashin kuma ba abin rainawa ba ne ga wadda iyayenta suka sayar da fili don karatunta. Abin da na tsayar shi ne in yi 'yan shekaru in ƙware, in rage wa iyayena nauyi, sannan in koma.

Ina da roƙo biyu gare ku 'yan uwa. Na farko, in ƙanenku ko ƙanwarku na son fannin lafiya, ku gaya musu akwai wannan hanya ban da likitanci da harhaɗa magunguna. Na biyu, in kun kira gida aka ce muku kaka ko baffa na kwance ana yi masa komai, bayan kun yi addu'a ku tambaya: me yake iya yi da kansa, kuma ana barinsa ya yi? Ku ce a nemi shawarar sashen gashin ƙashi na asibiti mafi kusa tun da wuri, kada a jira watannin farko su wuce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu sa'ar karatu, Ya kuma mayar da mu gida da abin da zai amfani jama'a. Amin.