Geceme: Ranar Awo a Kwarin Dallol

Mai zuwa Geceme daga Dogon Dutsi kudu zai nufa, yana bin Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun kafin kakannin kakanni. Ruwa bai yi nisa a ƙarƙashin ƙasa ba, shi ya sa ko da rani ido yakan samu kore: rake, rogo, mangwaro, ga giginyu jefi-jefi. A kan tudu kuwa gero ne da wake. Ƙasar Arawa ce, kuma tun 2011 garin yana cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso.

Wanda ya ga wannan albarka zai ɗauka jikin mutane ma ya ƙoshi. Sai ya je gidan likita ranar awon ciki. Tun da hantsi mata sun cika inuwa, wasu a amalanke suka zo, wasu a kabu-kabu, kowace da ɗan littafin awonta a naɗe cikin leda. Na tsaya ina kallon ungozoma tana duba wata matashiya mai tsohon ciki. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta juya tafin hannunta ta kai shi wajen haske, ta danna farce ta jira launi ya dawo. Cikin idon da ya kamata ya yi jajir ya koɗe, ya yi fari-fari. Ta kira ta ƙanwata, ta tambaye ta ko tana jin jiri in ta ɗauko ruwa, ko zuciya na bugawa in tana daka. Matar ta gyaɗa kai kawai.

"Jini ya yi ƙasa." Haka ake faɗa a nan, kuma ba baƙuwar magana ba ce. Binciken lafiyar jama'a na Nijar na 2012 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 73 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da kashi 46 na matan da ke shekarun haihuwa.

Amma ido ba ya kama ƙarancin sai ya yi nisa. Inda ake da ƴar na'urar awo, ana soka kan yatsa, a ɗebi ɗigo guda, cikin minti ɗaya lamba ta fito. Wannan shi ne awon himogulobin, jan sinadarin da ke kai iska sassan jiki. Ma'aunin da aka daɗe ana bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mai ciki in lambarta ta gaza 11 jininta ya yi ƙasa, in ta gaza 7 abin ya yi tsanani, sai a tura ta babban asibiti, wataƙila har a yi mata ƙarin jini.

Lambar ba ta faɗin dalili, kuma a nan ne mutane ke ɓata kuɗi da lafiya. Himogulobin hatsin da ke cikin ƙwarya ne yau. Rumbun kuwa shi ne feritin, ajiyar sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, wanda sai babban ɗakin gwaji irin na birane ke iya aunawa. In ya gaza 15 ga babba, rumbu ya ƙare. Shi ma yana da ruɗi, don zazzaɓi ko kumburi na ɗaga shi, a ga kamar akwai ajiya alhali babu. A kwari mai fadamu, inda sauro ke cin kasuwarsa da damina, yaron da ya ɗashe sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Wani tsutsar ciki ce ke tsotse shi. Wani sikila ce, kuma mai sikilar da aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ƙara masa cuta ne. Duk da haka a kasuwa za ka ga jajayen ƙwayoyi da kwalaben "maganin ƙarin jini" a faifan mai talla, rana na dukan su, ana saye ba awo ba tambaya. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Ga mai ciki dai ba a jiran feritin. Ana ba ta ƙwayar ƙarfe da folik ta sha kullum, kuma tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Da yawa sukan daina sha da sun ga bayan gida ya yi baƙi ko zuciya na tashi. Baƙin ba illa ba ne, tashin zuciyar kuma yana raguwa in an sha bayan abinci. Shayi a kan abinci yana rage ƙarfen da ke shiga jiki, lemun tsami yana taimaka masa. A abinci mai ƙarfe, hanta ita ce gaba, sai nama da kifi, sannan wake da zogale, waɗanda Geceme ba ta rasa ba. Har gero an samo mai ƙarfe: irin Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta fitar a Nijar a 2018.

Maigida, kai ne ke riƙe da kuɗin babur da izinin fita. In ka ga iyalinka tana haki daga rijiya zuwa gida, ko tafin hannun yaronka ya yi fari, kada ka tsaya wurin mai talla. Kai su gidan likita a duba jinin, ka tambayi abin da ya rage shi, ka kuma tabbata an shanye maganin.