Hanyar Bakin Teku: Daga Badagiri Zuwa Kef Kos

Mu da aka haifa a tudu ba mu san girman ruwa ba. Iyakar saninmu kogin Kaduna ne in ya cika a watan Agusta, ko kuwa Binuwai ga wanda ya taɓa bin gadar Makurɗi. Na yi shekara 19 ina koya wa yara labarin ƙasa a makarantar ekklesiyarmu, ina zana musu gaɓar Afirka ta Yamma a allo, ban taɓa sa teku a ido ba. Haka ma abokan aikina uku. Saboda haka muka yi adashi na shekara biyu, da hutun Disamba na 2022 ya zo muka kama hanya mu huɗu, da nufin mu bi bakin teku a motocin haya daga Ikko har Kef Kos a ƙasar Gana.

Zangonmu na fari Badagiri ne, garin da ke dab da iyakar Nijeriya da Benin. Aka kai mu wani gidan bene fari da Turawan Mishan na C.M.S. suka gama ginawa a 1845, aka ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakano ko Bakatsine zai yi gardamar wannan, gama sorayen ƙasa masu hawa sun daɗe a birane kafin zuwan Bature, amma ba mu ja maganar ba tun da mu baƙi ne. A gidan nan Samuel Ajayi Crowther ya zauna, shi da ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Daga nan muka taka zuwa inda wata babbar itaciya mai suna Agiya take a dā. A ƙarƙashinta ne Thomas Birch Freeman, mai wa'azin Metodis, ya yi wa'azin Bishara ran 24 ga Satumba, 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959, sai aka yi ginin tunawa a gurbinta. Ku riƙe sunan Freeman, 'yan'uwa masu karatu, za mu sāke gamuwa da shi a gaba.

Daga cikin garin ba a ganin teku sosai, sai an haye wani ruwa kwantacce a kwalekwale zuwa tsibirin Geberefu, sa'an nan a yi tafiyar ƙasa cikin rairayi. Hanyar da ake kora bayi ke nan zuwa jirgi. Tun ba mu kai ba muka soma jin wani ruri kamar hadari yana tasowa, ga shi kuwa rani ne. Da muka fita daga cikin itatuwan kwakwa sai ga shi. Ba shi da gaci, ba ya kwanciya, yana tasowa yana faɗuwa ba hutu. Malamin lissafi, wanda ba ya yarda da abu sai ya gwada, ya ɗiba da hannu ya kai baki, ya tofar, ya ce lalle littafi bai yi ƙarya ba, gishiri ne.

Kashegari muka ƙetare iyaka a Seme, muka canja naira zuwa sefa. Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓa sanye da riguna ruwan ɗorawa kamar fārin dango, ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi. Muka tsaya a Wida, inda ɗakin tsafin mesa yake fuskantar babbar majami'ar Katolika, titi kaɗai ya raba su. Akwai hanya ta wajen kilomita 4 daga garin zuwa gaɓa, a ƙarshenta an gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa da waɗanda aka fitar ta wurin. Togo kuwa ba ta da faɗi, gaɓarta duka ba ta kai kilomita 60 ba. Titin yana bin ruwa kurkusa, Lome kuma tana manne da iyaka, kana fita gari ka shiga Aflawo, ƙasar Gana.

A Ankara muka sauka a unguwar Nima, nan fa bakinmu ya buɗe bayan kwana biyu muna magana da hannu. Hausa ake yi a zango, irin wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, kusan kamar tamu ta Jos. Da safe ga koko da ƙosai, kokon ma da sunan Hausawa ake kiransa. Shinkafa da wake da suke ji da ita, wadda suke kira wace, daga bakin fatakenmu sunan ya fito, jikokin masu zuwa Gwanja sarin goro.

Daga Ankara zuwa Kef Kos wajen kilomita 145 ne, ƙauyukan masunta jere a hanya. Abin da ya kai mu shi ne babban gidan nan fari na Turawa da ke bisa duwatsu a bakin ruwa, igwoginsa har yanzu suna kallon teku. Mutanen Suwidin suka fara kafa shi a 1653, daga baya ya faɗa hannun Ingilishi, ya zama hedkwatar cinikinsu a wannan gaɓa. Mai yi mana jagora ya gangara da mu kurkukun maza. Rami ne mai ɗakuna, ba haske sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama. Ya ce akan tara mutum har 1,000 a ciki, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Ya nuna mana daɓen da muke takawa, ya ce ba dutse ba ne duka, abin da ya fita daga jikin mutane ne ya taru ya daskare. Ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ba wanda ya yi tari.

Ba mutanen gaɓa kaɗai aka zuba a ramin nan ba. Da yawa daga arewa aka koro su, ta kasuwar Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Asin Manso kafin a iso da su. Na tuna kakata tana ba mu labarin da ta ji a bakin uwarta, yadda mutanen ƙauyenmu sukan gudu kan dutse da awakinsu in an hango ƙurar mahaya. Bature ya saya, amma baƙar fata ne ya kamo, baƙar fata ya koro, ya karɓi bindiga da barasa. Wannan ba ya rage laifin mai saye ko kaɗan.

Da muka fito sai jagoran ya ɗaga hannu ya nuna ɗakin da ke bisa kurkukun daidai. Ya ce nan ne ɗakin sujada. Ranar Lahadi gwamna da ma'aikatansa sukan taru a yi addu'a, a raira waƙa, a ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa ga abin da muka gani. Malamin lissafi ya dube ni ya ce, "Malam, in 'yan aji shida suka tambaye ka wannan, me za ka ce musu?"

Wanda ya fi daɗewa yana bi da sujada a ɗakin nan ba Bature ba ne. Sunansa Philip Quaque, wato Kwaku, ɗan garin ne. An kai shi Ingila yana yaro a 1754, aka naɗa shi firist a 1765, shi ne ɗan Afirka na farko da ekklesiyar Angilikan ta naɗa. Ya komo gida a 1766, ya yi aiki shekara 50 har ya rasu a 1816, kabarinsa yana tsakar gidan. Banda sujada ya buɗe makaranta, yana koya wa yara karatu, rubutu da lissafi, yawancinsu 'ya'yan da Turawa suka haifa da matan gari. Malamin makarantar ekklesiya ke nan kamar ni. Ingila ba ta hana cinikin bayi ba sai 1807, wato ya yi shekara 41 yana kiran sunayen yara da safe, ana shiga da mutane ana fita da su a ƙasa. Albashinsa ma wani kashi daga hannun 'yan kasuwar yake fitowa.

Na daɗe tsaye a bakin kabarinsa. Ba na iya wanke shi, gama wanda yake karanta labarin fitowar Isra'ilawa daga Masar ba zai ce bai gane abin da ke ƙarƙashinsa ba. Amma jifansa ma bai zo mini da sauƙi ba. Mutum ne shi kaɗai, abincinsa a hannun masu gida, ya daɗe a Turai har harshen uwarsa ya kuɓuce masa, Turawa ba su ɗauke shi nasu ba, 'yan gari kuma suna yi masa kallon Bature. Wanda bai taɓa yin shiru don tsoron rasa albashi ba, shi ya fara.

Ga kuma inda labarin ya bi. Makarantar ba ta mutu da shi ba. Bayan shekaru waɗansu samari da suka yi karatu a cikinta suka kafa ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki. Ɗaya daga cikinsu, William de Graft, ya roƙi wani matuƙin jirgi ya kawo musu littattafai daga Ingila. Matuƙin ya kai saƙo wurin Metodis, su kuwa suka aiko da mai wa'azi, Joseph Dunwell, ya sauka a farkon 1835, ya mutu cikin wata shida. Waɗanda suka biyo shi ma zazzaɓi ya kwashe su, sai Freeman da ya iso a 1838 ya rayu. Ubansa ɗan Afirka ne, uwarsa Baturiya. Daga Kef Kos ɗin nan ya tashi a jirgin ruwa ya tafi Badagiri a 1842, bisa kiran bayin da aka 'yanta a Saliyo suka komo ƙasar Yarbawa, de Graft kuma yana tare da shi. Ashe hanyar da muka biyo kwana biyar tasu ce, mun dai biyo ta daga ƙarshe zuwa farko. Abin da na ce wa malamin lissafi shi ne, zan faɗa wa 'yan aji shida duka biyu, ramin da makarantar, ba zan ɓoye ko ɗaya ba, gama in ba su ji a bakinmu ba za su ji rabi a bakin wani.

Elmina ba nisa, wajen kilomita 12. Gidanta ya fi na Kef Kos tsufa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A ciki aka tsare Sarkin Asante Prempe na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Amma gaskiya zuciyarmu ta riga ta cika, ba mu daɗe ba muka fito kan gada muna kallon jiragen masunta, ɗaruruwa, kowanne da tutarsa da fentinsa, da yawa an rubuta musu aya a gefe. Ranar Talata ce, ba a fita su a wannan gaɓa ran Talata, sai ɗinkin taru ake yi a inuwa. Muka sayi soyayyen kifi da dokunu da barkono muka ci a tsaye.

Wanda yake so ya bi hanyar nan ya tanadi fasfo da katin allurar shawara, ya riƙa canja kuɗi kaɗan kaɗan, gama naira, sefa da sidi duka za su bi ta hannunsa. Ya yi ƙoƙari ya ƙetare kowace iyaka da rana. In kuwa yana son ganin shigowar jiragen kifi a Elmina, ya zaɓi wata rana banda Talata, ya kuma isa gadar da sassafe.