Ladabin Gyara wa Ɗan'uwa Kuskuren Rubutu a Wasiƙar Imel

Akwai wata ɗabi'a da muka ga tana yaɗuwa tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwarmu tun da wasiƙar imel ta maye gurbin ta gidan waya, muna so mu yi magana a kanta. Mutum zai rubuta wasiƙa a kan wata muhimmiyar bukata, ya aika wa mutum ashirin. Can sai wani daga cikinsu ya hango harafi guda da ya kauce, ya latsa maɓallin nan mai mayar da amsa ga kowa da kowa, ya ce, “Malam, ba haka ake rubuta wannan kalma ba.” Shi ke nan, an bar zancen da aka taru dominsa, an koma kallon mai wasiƙa.

A zamanin tafireta abin bai kai haka ba. Akawu ya buga takarda, shugabansa ya ja jan biro a ƙarƙashin kuskure, ta komo aka sake bugawa, ba wanda ya ji sai su biyu. Imel kuwa, wanda Ray Tomlinson ya fara aikawa tsakanin kwamfutoci a Amurka cikin 1971, ba ya da irin wannan sutura. Gyaran da aka yi wa mutum gaban jama'a yana nan ajiye, ana iya tura shi gaba, ana iya tono shi bayan shekara biyar.

Ba cewa muke a bar rubutu ya lalace ba. Malaman Musulunci sun fi kowa kula da wannan fanni. Rubutun Larabci da farko ba ɗigo gare shi ba, sai da tsoron kuskuren karatu ya sa irin su Abul Aswad Addu'ali suka fara sa alamomi. Hariri, mai Maƙamat ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa, Durratul Gawwas, a kan kurakuran da manyan masu ilmi ke yi cikin harshe. Amma cikin malaman nan ne kuma aka sami Ibn Rajab, wanda ya rasu a 795, ya rubuta ɗan littafi musamman don rarrabe nasiha da kunyatarwa. Abin da muka fahimta daga gare shi shi ne, magana guda tana iya zama ko wannan ko waccan, gwargwadon nufin mai faɗa da kuma wurin da ya faɗe ta.

To, kafin mutum ya ɗaga hannu zai yi gyara, ya kamata ya san ko laifin wane ne. Haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna cikin rubutun boko ne a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan ɗigo ake sawa ƙarƙashin harafi, ko wata alama a gefensa. Su kuwa waɗanda suka tsara imel da farko alamomi 128 kaɗai suka tanada, na bukatar Ingilishi. Yau an faɗaɗa tsarin, ana iya aika ƙ ta isa lafiya, amma har yanzu allon bugu na yawancin kwamfutocin ofisoshinmu ba ya da ita a fili. Saboda haka wanda ya rubuta “kasa” yana nufin ƙasa, sau da yawa ba jahilci ba ne, abin da hannunsa ya samu ke nan. Ga kuma wayar hannu mai shisshigi, wadda kan canja kalmar Hausa ta mai da ita ta Ingilishi ba da izinin mai ita ba. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram ya rubuta ƴaƴa, mu a Nijeriya mu rubuta 'ya'ya, kowa yana bisa ƙa'idar ƙasarsa. Wanda ya yi masa gyara a nan, ƙarancin saninsa ya tona.

Kuskuren da ya wajaba a gyara shi ne wanda zai jawo hasara. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya rubuta wa abokin cinikinsa N50,000 alhali N500,000 yake nufi. Ko ya kuskure lamba guda cikin lambobi 10 na asusun banki. Ko ya sa harafin da ba shi ba cikin adireshin imel, asirin cinikinsa ya faɗa hannun baƙo. Ko akawu ya rubuta sunan maniyyaci saɓanin yadda yake a fasfo. Wanda ya ga irin wannan ya yi shiru don kunya, ya ci amana. Haka kuma in aya ce ko hadisi aka rubuta ba daidai ba aka rarraba wa jama'a, lalle ne gyaran ya kai ga duk wanda kuskuren ya kai gare shi. Ko a nan ma mun fi son a fara sanar da mai wasiƙar shi kaɗai, a ba shi dama ya aika da gyaran da hannunsa. Wani lokaci ma harafi mai lanƙwasa kan shiga wannan sahu: “an yi fada” da “an yi faɗa” ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi. Sai dai galibi abin da ke gaba da baya ya kan warware ma'ana, mai hankali ba ya ɓata.

Amma in ka gane abin da ɗan'uwanka ke nufi sarai, har ka iya gyara masa, ashe wasiƙar ta riga ta yi aikinta. Me ya saura? A nan ne ya kamata mutum ya binciki zuciyarsa. Mun ga inda wani ya rubuta yana neman kuɗin kayansa da aka riƙe wata uku, mai bashin ya amsa masa da darasin nahawu, bai ce uffan a kan kuɗin ba. Mun kuma ga ma'aikaci ya kawo ƙorafi mai hujja, aka kama shi da harafi don a kashe masa baki. Wannan ba son ilmi ba ne, hanyar zillewa ce. Da yawa daga cikin attajiranmu makarantar allo suka yi, sun iya ajami da lissafin da zai gagari mai digiri, boko kuwa da girmansu suka tsince shi. Ranar da aka yi wa irin wannan dattijo dariya gaban mutane, ya daina rubutu da kansa ke nan, sai ya riƙa neman yaro ya rubuta masa, asirinsa ya koma hannun wani.

In gyaran ya zama dole, a amsa zancen wasiƙar tukuna, sa'an nan a kawo shi daga ƙarshe, cikin wasiƙar da ba a sa wa kowa kwafi ba. Ƙaramin ma'aikaci da ya ga kuskure a takardar shugabansa, tun ba ta fita ba, ya fi kyau ya taka ya same shi, ko ya sa abin cikin sigar tambaya: “Ranka ya daɗe, ranar 13 ce ko 31?” Shugaba kuwa, wanda koyar da na ƙasa yana cikin aikinsa, kada ya bi kowace wasiƙa da tsinta, ya tara abin da yaron ke yawan maimaitawa, ya zaunar da shi sau ɗaya. Akwai ma wata dabara ta dattawa wadda muka fi so: ka sa kalmar cikin amsarka, ka rubuta ta daidai, kada ka ce komai. In mai lura ne zai gani, wasiƙarsa ta gaba za ta zo a gyare.