Katafila a ƙasar Adar: daga ƙanƙarar Rasha zuwa fakon Karofan

Wanda ya bar babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a garin Madawa, ya juya arewa ya nufi wajen Buza, ba zai daɗe ba sai ya lura ƙasar ta rabu kashi biyu. A ƙasa akwai kwarin Tarka, inda ruwa yake kusa, inda albasa ke yin kore shar tun daga sanyi har zuwa bazara, injinan ban-ruwa suna ta kuka daga wannan garka zuwa waccan. A bisa kuwa tudu ne na jan dutse da tsakuwa, fako tsirara wanda ko akuya sai ta yi tafiya kafin ta samu abin tsinka. Karofan, wadda take cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, tana zaune ne a tsakanin waɗannan biyu, kuma arzikinta da wahalarta duka daga nan suke fitowa. Ruwan da ya faɗi bisa fako ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya taru cikin ƙoramu, ya gangaro da rairayi da ƙarfi, ya ci gefen gonaki, wani lokaci ya binne rijiyoyin garka, ya yanke hanya kwana da kwanaki. Duk maganar raya karkara da aka yi a Madawa da Buza da Keita cikin shekaru hamsin da suka wuce, idan aka tace ta, magana ce ta yadda za a tsayar da wannan ruwa a inda ya faɗi.

A wannan yaƙi ne mutanen Adar suka san katafila. Sunan ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925, ya kuma fito da tarakta mai sarƙa mai aiki da gazuwal a 1931. Amma a bakin jama'a duk wata na'ura mai tafiya bisa sarƙa katafila ce, ko Komatsu ce ta Japan, ko Fiat-Allis ta Italiya.

Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce masa motoci masu sarƙa na farko da suka taka ƙasar Hausa, don ƙanƙara aka ƙirƙiro ƙafarsu. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, shi ne mai kula da motocin Sarkin Rasha Nikola na biyu kafin juyin juya halin 1917. A ƙasar Rasha dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyi watanni, taya kuwa nutsewa take yi a cikinta. Sai Kégresse ya cire tayoyin baya, ya sa wata ɗamara ta roba mai zagaya ƙananan gargare, ta yadda nauyin motar zai bazu bisa wuri mai faɗi. Har yau akwai wata Rolls-Royce ta Lenin mai irin wannan ƙafa, da katakon sulɓi a gaba, ajiye a Gorki kusa da Mosko. Da Kégresse ya koma Faransa, André Citroën ya gane cewa abin da ya hana mota nutsewa cikin ƙanƙara zai hana ta nutsewa cikin rairayi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, duk wanda ya dubi tafin raƙumi ya ga dabarar. Katafila matsakaiciya mai nauyin tan 15 zuwa 20 ba ta danna ƙasa da fiye da wajen rabin kilo a kowane santimita murabba'i, alhali tayar kamiyo mai kaya tana danna ta da ninkin haka sau goma ko fiye.

A watan Disamba na 1922 motocin Citroën biyar masu wannan ƙafa suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya, suka isa Tumbuktu a farkon Janairu na 1923. Shi ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara daga arewa zuwa kudu. A ranar 28 ga Oktoba 1924 kuma wasu takwas suka tashi daga Kolom-Beshar ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka sauko Yamai, suka ratsa ƙasar Hausa ta Tasawa, inda suka ɗauki hoton fadar Sarki Barmu, suka wuce Damagaram da tafkin Cadi. Fetur suke sha, ba gazuwal ba, kuma tafiyarsu ba ta da sauri ko kaɗan. Daga baya taya ta ci nasara a fagen tafiya. Lokacin da ayarin Berliet ya ratsa Tenere a 1959 da 1960, manyan motoci ne masu taya shida. Sarƙa ta bar wa taya hanya, ta koma inda ake buƙatar ƙarfin turi.

A Adar wannan buƙata ta bayyana sosai bayan farin 1973 da na 1984, yunwar da talakawa suka raɗa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Tun a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon-yaro a kwarin Majiya don tare iska, amma wannan aikin hannu ne da shuka. A 1984 aka buɗe Furoje Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM tana biyan masu aiki da abinci. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Lissafin da aka bayar na shekarun 1984 zuwa 2002 ya nuna an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an yi hanyoyin karkara fiye da kilomita 300, ban da madatsun ruwa da ɗaruruwan rijiyoyi.

Aikin na'ura a ciki a fili yake. Fakon tudu ya fi ƙarfin kalme da diga, sai katafila ta ja manyan haƙoran ƙarfe da ke bayanta ta tsaga ɓawon ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Sannan a tayar da kunya mai tsawo a gicciye da gangare, a jera mata duwatsu don kada ruwa ya cinye ta. Wa ya ɗauko duwatsun, wa ya jera su, wa ya haƙa ramukan da ke jikin tsaunuka inda na'ura ba ta iya hawa? Yawancinsu mata ne, domin mazan Adar da rani suna wajen biɗa, wasu a Abijan, wasu a Najeriya, wasu a Libiya. Hotunan da aka riƙa nunawa baƙi sun fi son katafila, don ita ke da ƙura da ƙara. A ganina idan za a raba ladar fakon da ya koma gona, matar da ta yini tana dakon dutse bisa kai ta fi ta rabo nesa ba kusa ba.

Furoje ya ƙare, Turawa sun tafi, ƙoramu kuwa ba su san an rufe wani ofis ba. Kowace damina suna cika madatsai da laka, suna kwance shingen duwatsun da aka ɗaure cikin ragar waya. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 nauyin irin waɗannan gyare-gyare ya ƙara komawa wuyan garuruwa kamar Karofan, waɗanda kuɗin harajin kasuwa da na dabbobi ba zai saya musu ko sarƙa guda ta sabuwar katafila ba. Abin da ya rage shi ne haya, kuma mai bayar da hayar galibi ɗan kasuwa ne da ya sayi tsohuwar na'ura wadda ta riga ta gama rayuwa guda a Turai ko a wani kamfanin hanya.

Na tsaya kusa da wata irin wannan tana yashe tafki a gefen kwari. Fentinta ruwan ɗorawa ya koɗe, agogon da ke ƙidaya awoyin aikinta ya tsaya, ba wanda zai iya faɗin shekarunta da tabbaci. Mutum uku ke bauta mata: direba, bakanike, da yaro mai famfon giris wanda ke bin kowace gaɓa tun kafin rana ta fito. A Kanada da ƙasashen tsaunukan Turai akwai masu ajiye tsofaffin motocin ƙanƙara masu sarƙa don sha'awa, su goge su, su fito da su ranar hutu. Nan ba mai ajiye katafila don sha'awa. Ranar da ba ta yi aiki ba, gidaje uku ne ba a ɗora tukunya da kuɗinta ba, ban da na maigidan.

Injin ba shi ne babban abin tsoro ba. Tsohon injin gazuwal, wanda ba shi da kwamfuta a ciki, abu ne da bakaniken Madawa ko na Ƙwanni zai kwance ya mayar ƙarƙashin inuwar itace. Mafi tsufa daga cikinsu ma da wani ƙaramin injin fetur ake tayar da su, shi ya juya babban har ya yi zafi ya kama. Abin da ke kashe shi abu biyu ne. Na farko ƙura, musamman ta hunturu, wadda idan ta wuce matatar iska takan koma kamar dutsen wasa cikin silinda. Na biyu gazuwal mai ruwa ko mai datti, irin wanda ya kwana cikin tsohuwar duro, wanda ke lalata famfon da ke fesa mai, famfon da gyaransa sai an kai babban birni. Matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 ta rage dogaro da man bakin iyaka, amma ba ta rage ƙishirwar na'urar ba, domin katafila matsakaiciya tana iya shan lita 20 zuwa 30 a awa guda idan aiki ya yi nauyi. Sannan ga zafi. A ƙasashen ƙanƙara damuwarsu kada gazuwal ya daskare cikin bututu, mu kuwa a watan Afrilu damuwarmu kada ruwan lagireto ya tafasa, shi ya sa direba mai hankali ke fara aiki da asuba ya tsaya da azahar.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne ƙafar. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa sarƙa da gargarenta suna cin wajen rabin abin da ake kashewa wajen gyaran na'ura mai sarƙa. Kowace gaɓa ta sarƙa tana juyawa ne bisa ƙusa mai kauri da ke cikin kube na ƙarfe. Ƙanƙara mai laushi ce, ba ta cin ƙarfe. Rairayin Tarka da tsakuwar fako kuwa suna shiga tsakanin ƙusa da kube suna niƙa su a hankali, sarƙa ta yi tsawo, ta fara tsallake haƙoran babbar gargaren baya. Idan aka ɗaure ta da yawa ta ci kanta da sauri, idan aka sassauta ta fita, kuma mayar da sarƙar da ta fita cikin laka aikin yini guda ne na maza da yawa. Kanikawanmu suna juya ƙusoshin da kubensu don gefen da bai cinye ba ya karɓi aiki, suna kuma ƙara wa takalman sarƙa ƙarfe da walda. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Idan ta ƙare sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Katako ta Yamai, a nemi na wata da ta mutu. Tsofaffin masu wannan sana'a ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk wani ƙarfe da ke zuwa daga waje ya ninka dare ɗaya. Rufe iyakar Benin a 2023 ya sake tuna musu cewa na'urarsu tana rataye ne da tashar jirgin ruwan da ba tasu ba.

Akwai kuma abin da sabon mai saye ke mantawa: katafila ba ta kai kanta wurin aiki. Ba a barinta ta hau kwalta don za ta farfasa ta, kuma doguwar tafiya na cinye ƙafarta a banza. Sai an yi hayar babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya ta ɗauko ta daga Tawa ko Maraɗi, kuma kuɗin zuwa da komawa na iya fin kuɗin ƙaramin aikin da aka kira ta dominsa. Saboda haka gari guda ba ya iya kiranta shi kaɗai. Ya kamata masu riƙe da ƙananan hukumomin Karofan da maƙwabtanta su haɗa ayyukansu a tsari guda, daga Nuwamba zuwa Mayu, na'ura ta sauka sau ɗaya ta bi su bi-da-bi kafin ruwan farko. Ɗan kasuwar da ke tunanin saye kuma, ya duba jerin aikin da ke hannunsa na shekara kafin ya duba fentin na'urar, ya kuma tanadi haƙurin jiran biya idan da baitulmali zai yi ciniki.

Ba kowane fako ne ke buƙatarta ba. A wajen Illela da Badagishiri, tun ƙarshen shekarun 1980, manoma suka farfaɗo da dubban hekta da tassa, ƙananan ramukan da ake haƙawa da hannu a zuba taki, har fakon da a da ba mai so ya fara samun masu saye. Wannan ya dace da gonar mutum ɗaya. Amma tafkin da ya cika da laka, ko ƙoramar da ta karkata ta nufi garkunan albasa, kalme ba ya iya musu. A kwarin Tarka garka guda ta albasa tana biyan kuɗin makaranta da na magani da na aure na gida guda, kuma idan rairayi ya hau ta ya kai gwiwa, ko dai a samu katafila ta kwashe shi kafin lokacin dashe, ko mai garkar ya ɗaure jakarsa ya bi ƴan'uwansa zuwa Abijan.